Kafin Wasan Gidan Karppinen

A tsaye nake rubuto muku wannan, kwamfuta a kan kantar kicin, saboda zama ya gagare ni. Kwankwasona na hagu ya yi shuɗi, ya yi kore, yanzu ya fara komawa ruwan ɗorawa. Wata a cikinku ta rubuto mini wancan karon ta ce, "Kaisu, ki yi haƙuri, so ne." Na gode, 'yar'uwa. Amma zo ki ga abin da so ya yi wa gwiwata.

Ga waɗanda ba su san inda aka kwana ba, sunana Kaisu, shekarata ashirin da bakwai, a kantin magani nake aiki a nan Kajaani. Saurayina Santeri mutumin kirki ne, kar ku ce ban faɗa ba. Injiniyan lantarki ne, ba ya shan taba, shi yake kankare mini ƙanƙarar gilashin mota da safe ba tare da na roƙa ba. Danginsa ne matsalar. Gidan Karppinen ba su da zance sai hoki. Duk shekara, Asabar ta farko bayan sabuwar shekara, sai su taru a gidan kakarsu da ke bakin tafki, su share dusar ƙanƙara daga kan tafkin da ya daskare, su kafa raga biyu, su rabu gida biyu, su yi ta bin ɗan baƙin faifan roba da sanduna har duhu ya kore su. Maza da mata, surukai da jikoki, kowa sai ya shiga.

Bara ni kaɗai na tsaya a tudu tare da Mummo, kakar tasu, ina juya sosej a wuta. Outi, yayar Santeri, ta sulalo ta ja birki a gabana, ta feshe mini wando da garin ƙanƙara, ta ɗauki guda ta gatsa.

"Ya yi daɗi, Kaisu. A gidan nan dai baƙi ne suke gashi."

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, don ban san yadda zan yi da fuskata ba.

Na san za ku ce wace irin 'yar ƙasar sanyi ce wannan da ba ta iya sulu a kan ƙanƙara ba. Ina aji biyu na faɗi a filin makaranta na karye a wuyan hannu, daga nan duk sanyi Mama sai ta nema mini uzuri wurin malami. To wannan Mamar dai, ita ce wata Alhamis a watan Nuwamba na je cin miyar wake gidanmu, ta jawo wata ƙatuwar jaka daga bayan ƙofa ta dire mini a gaba.

"Mene ne wannan?"

"Kayan hokin yaron maƙwabta ne. Ya tafi aikin soja, ba ya buƙata."

Na zuge jakar, na yi sauri na rufe. Idan ba ku taɓa jin warin safar hannun hoki ba, ku gode wa Allah.

"Mama, ke ce fa kika hana ni."

"Lokacin shekararki takwas. Yanzu ƙashi ya yi ƙwari." Ta zuba mini miya har ta kusa zuba a tebur. "Yaron nan shekara biyu yana binki. Mutanen nan ba sa neman komai wurinki sai ki sa takalmi ki tsaya cikinsu. Ƙawayena duk suna tura keken jikoki, ni kare nake ja."

"Karen ma ai kina sonsa."

"Kar ki maida ni abokiyar wasanki."

Baba bai ɗaga kai daga kwanonsa ba. Babana idan ya yi magana sau uku a wuni, Mama takan taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne.

Da na gaya wa Santeri, murna kamar an ba shi kyautar mota. Ya ce shi zai koya mini da kansa. Muka je filin ƙanƙarar da ke bayan makarantar firamare bayan tashi daga aiki, fitilu a kunne, yara na ta shawagi kamar ƙudaje. Ya zaunar da ni a benci, ya durƙusa ya ɗaure mini igiyar takalmi tamau, ya gyara mini hular kwano, ya sumbaci hancina. Na ce a raina, ashe abin ba zai yi wuya ba.

Ƙafarsa na taɓa ƙanƙara ya zama wani mutum daban.

"Lanƙwasa gwiwa."

"Na lanƙwasa."

"Ba ki lanƙwasa ba. Kin miƙe kamar falwaya. Kar ki ɗaga ƙafa, ba tafiya za ki yi ba. Tura gefe."

"Yaya ake turawa?"

"Kawai ki tura."

Kawai. Jama'a, na tsani kalmar nan. Mutumin da aka sa wa takalmin ƙanƙara tun kafin ya daina fitsarin kwance, bai san yadda aka yi ya iya ba, balle ya faɗa wa wani. Ni kuwa ina tsaye a kan ƙarafa biyu sirara, idon sawuna na karkarwa, sandar da ya ba ni na riƙe ta kamar tsohuwa mai dogarawa.

Da kyar na fara motsi. Da na ji ina tafiya, sai tsoro ya kama ni.

"Santeri, yaya ake tsayawa?"

Ya sheƙa da gudu, ya juya ƙafafu gefe, ƙanƙara ta yi feshi. "Haka."

Ban samu damar cewa komai ba, katangar katako ta tare ni. Na zube, sanda gabas, safar hannu yamma. Da na ɗago sai na ga waya a hannunsa. Kafin in kai benci ya riga ya tura wa 'yan gidansu, har yana nuna mini amsar Outi yana ƙyaƙyatawa: *A ba katangar haƙuri.*

Na cire takalman, na cusa a jaka, na kama hanya a ƙasa. Ina shiga gida saƙonni suka fara.

*Kin isa?*

*Wasa ne fa. Kowa a gidanmu akwai bidiyon faɗuwarsa.*

Na rubuta: *Suna 'yan shekara uku.*

*Haba Kaisu. Gobe mu koma, zan bi a hankali.*

*Ka koma kai da wayarka.*

Ya turo hoton zuciya. Na kife wayar. Ko minti goma ba a yi ba sai ga kiran Mama, wai namiji ya ɓata yammacinsa yana koya mini abu, na tafi na bar shi a fili kamar wanda ya yi sata. Ban tambaye ta wa ya gaya mata ba. Tun yaushe Santeri da uwata suke waya?

Da niyyar bari na kwana. Amma maganar Outi ta ƙi barina. Ranar Asabar ina sayayya na ga sanarwa a allon bakin kanti: ajin mata masu koyon hoki, a babban ɗakin wasa na gari, Talata da Alhamis, ba a tambayar shekaru. Na tsaya gabanta har madarar da ke hannuna ta fara yi mini nauyi.

Mai koyarwar sunanta Sirkka, tsohuwar malamar motsa jiki da ta yi ritaya, gajera, furfura cike da kai, usur a wuya. Mu kuma tarkace ne: masu jego, wata mai gyaran gashi, da Tarja direbar bas, wadda ta ce ta zo ne don ta gaji da zama a benci tana kallon 'ya'yanta. Sirkka ta jera mu ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To, ku faɗi."

Muka kalli juna.

"Na ce ku faɗi. Ai dole za ku faɗi, gara ku iya. Gefe, ba baya ba, haɓa a ƙirji."

Haka muka wuni faɗuwa da tashi. Gwiwa ɗaya a ƙasa, ƙafa ɗaya a gaba, hannu biyu a kan gwiwa, a yunƙura. Sannan ta ce kowace ta zauna a kan kujerar da babu, ta tsaya a haka har cinya ta ɗauki wuta. Ashe abin da Santeri yake nufi da lanƙwasa gwiwa ke nan. Jimla ɗaya ce fa. Me ya hana shi faɗa?

Kar ku ɗauka daga nan abin ya zo da sauƙi. Ni ce ta ƙarshe a ajin, kullum. Sirkka ta nuna mana tsayawa: a buɗe dugadugai, a haɗa yatsu ciki, a kankare ƙanƙara kamar ana shafa man shanu a burodi. Kowa ta kama, ni ƙafar dama ta yarda, ta hagu ta ce ba da ita ba, sai in yi ta juyi a wuri ɗaya kamar kazar da aka yanka. Aka zo riƙon sanda. Hannun sama ne mai tuƙi, na ƙasa rakiya kawai yake. Faifai ba a dukansa, share shi ake yi. Idan an turo miki, ki karɓe shi kamar ƙwai. Na ji duk wannan, na haddace, zan iya rubuta muku jarrabawa a kai. Amma da na kalli faifai sai ƙafa ta tafi, da na kalli ƙafa sai faifai ya tafi.

"Kai sama, Kaisu," in ji Sirkka. "Ƙafafunki na nan, ba mai sace su."

"Da za a sace ta hagun da na gode."

Tarja ta wuce ni tana haki. "Yarinya, da haka kike tuƙi da na sauka a tashar farko."

Wata Talata na fito na zauna a mota na yi kuka sosai, hannuna na warin safar yaron maƙwabta, gashina ya manne da zufa. Ina ba mutane magani kullum ba na kuskure, amma na kasa abin da yaro mai majina yake yi yana cin alewa. Kuma don me? Don wata Outi ta daina kirana baƙuwa?

Da Santeri ya ji labarin ajin, ransa bai so ba. Yana zaune a falona cikin safar ulu da Mummo ta saƙa masa, yana cin burodina mai kirfa.

"Me tsohuwar nan take da shi da ni ba ni da shi?"

"Haƙuri."

Ya ƙara gatsar burodin. Can ya ce, "Ba sai kin wahalar da kanki haka ba. Ki dai iya tsayawa da sanda a gaban raga, shi ke nan. Sauran ki bar mana."

Lokacin ban kawo komai a raina ba.

Ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti, mai tsare mana raga ta kwanta mura. Sirkka ta jawo kayan gola daga ɗakin ajiya ta zube a ƙasa, ta bi mu da kallo. Kowa ta sunkuyar da kai tana gyaran igiyar takalmi.

"Kaisu. Ke kika fi kowa sanin hanyar ƙasa. Zo."

Mata biyu suka taya ni shiga kayan. Matasai a ƙafa kamar katifa, sulke a ƙirji, hula mai keji a fuska. Na ji kamar an ɗaura mini kujerar falo. Suka tura ni har gaban raga suka ajiye.

"Sanda a ƙasa," in ji Sirkka. "Kar ki kalli fuskar mai bugu, ƙarya take miki. Faifai za ki kalla. Inda ya je, ƙirjinki ya fuskance shi. Idan ya taho ƙasa, ki zube a gwiwa."

Na farko ya wuce tsakanin ƙafafuna. Na biyu ban ma gan shi ba. Na uku na rufe ido, Sirkka ta busa usur a kunnena. Sai Tarja ta taho, ta ja sanda da duk ƙarfin da take juya sitiyari, na zube, na ji dum a matashin ƙafa. Na duba. Ga faifai kwance a gabana, bai shiga ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, waɗanda suka shiga ranar sun fi waɗanda na tare yawa nesa ba kusa ba. Amma a karon farko ba wanda yake jirana in kamo shi. Su suke zuwa wurina. Da aka tashi Sirkka ta ƙwanƙwasa mini hula da sandarta ta ce, "Alhamis ma ke ce." Tun daga nan nake raga. Can na samo wannan kwankwason, Tarja ce ta faɗo mini da jikinta gaba ɗaya.

Ban gaya wa kowa ba. Na ce bari in samu abu ɗaya da yake nawa.

Jiya muka ci abincin sabuwar shekara a gidanmu. Ina cire takalmi a bakin ƙofa Mama ta tare ni da leda. Farar hular ulu ce mai tuntu, da farin mayafin wuya, da jan baki.

"Na ranar Asabar ne."

"Mama, hular kwano ake sawa."

"Ai za ki cire daga baya. Kuma ki je a gyara miki farce, dubi hannunki kamar mai faskare."

"Farce a cikin safar hoki? Wa zai gani?"

"Ke dai ki je." Ta juya tana gyara kyandir ɗin da ba abin da ya same shi. "Mu ma an gayyace mu, ni da babanki."

Uwata da ba ta taɓa kallon wasan hoki har ƙarshe ba. Na bi ta da ido, ta ƙi yarda mu haɗa. Muna gama cin kifi da dankali Baba ya miƙe ya ɗauki rigar sanyinsa.

"Kaisu. Itacen sauna."

A rumfar itace ya riƙa ɗora mini faskaren hura ɗakin wankan tururin a hannu, ɗaya bayan ɗaya, numfashinmu na hayaƙi. Sai da hannuna ya cika sannan ya yi magana, idonsa a kan itacen.

"Za su buɗe miki raga."

"Wace raga?"

"Ranar Asabar. Dab da tashi yayarsa za ta turo miki faifai. Kawunsu Veikko, mai tsaron raga, zai yi kamar santsi ya kwashe shi. Ki zura. Sai yaron ya durƙusa da zoben neman aure." Ya ƙara mini guda. "Ni aka ba ɗaukar hoto."

Na ji kunnuwana sun yi zafi cikin wannan sanyin.

"Su wa suka sani?"

"Kowa."

"Har Mama?"

"Ita ta zaɓi zoben."

Na tsaya rungume da itace. Baba ya share hanci da bayan safar hannu.

"Yaron ba mugu ba ne. Yana sonki. Amma na ga yadda kike ɗingishi. Wanda ya sha wannan wuya, ba sadaka ya kamata a ba shi ba."

Ya ɗauki gatarinsa ya rataye, ya wuce gaba. Maganar da ya yi ta wata guda ke nan.

Yanzu ku gaya mini, ku da kuke karantawa. Ina son Santeri. Da a kicin ɗin nan ya tambaye ni, ina cikin rigar barci, gashi a hargitse, da tuni na ce to. Amma ya zauna ya tsara yadda mutum talatin za su yi mini wasan yara, su tafa mini kamar jaririyar da ta fara tatata, Outi ta turo mini faifai tana danne dariya, kuma duk shekara a bakin tafkin nan a riƙa ba da labarin ƙwallon da aka ba Kaisu kyauta. Ya ga shuɗin da ke jikina. Bai taɓa cewa bari in zo in ga abin da kika koya ba. Shi a wurinsa an riga an gama, ba zan iya ba, sai dai a rufa mini asiri. Abin da ya fi ci mini rai, na san da zuciya ɗaya ya yi. Yana can yana jin ya shirya mini abin da ba zan manta ba.

Yau da rana ina wurin aiki wayata ta yi ƙara. Outi ta saka ni a zauren hirar gidansu, wanda shekara biyu ba a ga damar saka ni ba.

*Barka da zuwa Kaisu. An raba ƙungiya. Kina gaba tare da ni da Santeri, jar riga. Kar ki damu, za mu kula da ke.*

Wani ya turo hoton tafi. Wata ta turo zuciya. Santeri ya rubuta: *Tauraruwarmu.*

Na shiga ɗakin ajiyar magani na rufe ƙofa na kira Sirkka.

"Kayan golan nan, ana ba da aronsu?"

"Zuwa ina?"

"Tafki. Ranar Asabar. Mutanen sun iya sosai."

"Za su zura miki da yawa."

"Na sani."

"To zo ki ɗauka. Sanda a ƙasa."

Da na tashi na biya na kwaso su, da kyar but ɗin motata ya rufu. Na jawo jakar har hawa na biyu ina tsayawa ina hutawa. Sai da na sha ruwa, na wanke fuska, sannan na buɗe zauren na rubuta:

*Na gode Outi. Amma Kawu Veikko ya huta bana. Ni zan tsare ragar masu shuɗiyar riga. Duk mai son ci, ya zo ya ci da gaske.*

Na tura kafin zuciyata ta karaya.

Na ga Outi tana rubutu, ta daina, ta sake farawa, ta daina. Kawu Veikko ya turo alamar tambaya. Sai ga saƙon Mummo, wadda ban ma san ta iya waya ba: *Ku ba yarinyar raga.*

Mama ta kira, ban ɗauka ba. Ta sake kira. Ta turo: *Me babanki ya gaya miki?* Santeri kuwa bai ce komai a zauren ba. Ni kaɗai ya turo wa, kalma biyu: *Ina zuwa.*

Ban san da wace fuska zai shigo ba, ban kuma san ko zoben yana aljihunsa ba. Idan ya fito da shi a nan, ban san abin da bakina zai faɗa ba. Ga fitilar motarsa nan ta haska labulen kicin. Kayan golan suna zube a bakin ƙofa, sun cike hanyar gaba ɗaya, kuma ba zan kawar da su ba. In yana son ya iso inda nake, sai ya tsallake su.